Ranar da Dallatu Ya Ɗura Hayaƙi a Rumbu

Kowane ƙauye da irin jarrabawar da Allah ya aiko masa. Wani fara, wani ƙarancin ruwa. Unguwar Ɗinya kuwa, da ke gabas da Makoda, Dallatu aka ba ta.

Shekararsa arba'in da 'yan kai, amma bai taɓa riƙe fartanya daga safe ta kai shi azahar ba. Da damina ta faɗi ciwon baya ke kama shi, da an kai amfani gida ya warke sarai. Da rani sai ya tafi Kano, wajen Rijiyar Zaki, ya raɓu da masu ba da hayar kujeru da rumfuna, yana lodi yana saukewa. To, a bana aka kai su wani babban ɗakin taro inda masana suka yi kwana uku suna magana a kan sauyin yanayi. Dallatu ya jera kujeru, ya koma bakin taga ya jingina yana jiran a tashi a kwashe. Abin da ya tsinta ta tagar nan shi ne iyakar iliminsa. Da aka watse ya ga wani kati mai shuɗiyar igiya a ƙarƙashin kujera, irin wanda mahalarta ke ratayawa, ya karkaɗe shi ya zura a wuya. Washegari ya ce wa ubangidansa ya bar aiki, ƙasa tana bukatarsa.

Da la'asar ya iso majalisar gindin ɗinya, ƙirji a gaba, kati yana lilo.

"Kun san abin da ya sa ruwa ke ɗaukewa tun gero bai nuna ba?" ya tambaya tun kafin a gama amsa sallamarsa. "Kabon ne."

Malam Abdulmumin, maƙwabcinsu kuma abokin marigayi mahaifinsa, yana zaune yana tufkar igiya. Bai ɗago ba ya ce, "Ɗan wane gari ne?"

"Iska ce, Baba Mumini. Tana cikin hayaƙin murhu, tana cikin na babur, har numfashin da kake fitarwa yanzu akwai ta. Ita ke taruwa a sama ta lulluɓe duniya kamar bargo, zafi ya rasa ta inda zai fita. Yanzu kama ta ake yi a sa ta aiki. Ita ce kumfar da ke tashi in ka buɗe kwalbar lemo. In aka ɗura ta a ma'ajiyar hatsi, ƙwaro ko ɗaya ba ya kai labari. Ni aka horar a kan wannan."

Abin haushin shi ne, ban da maganarsa ta ƙarshe, duk sauran gaskiya ne. Masanan can ba ƙarya suka yi ba. Rashin sa'a kawai suka yi, suka bar taga a buɗe.

Zailani mai injin niƙa, wanda ya gama sakandare, ya matso ya kamo katin ya karanta. "Yaya Dallatu, ai nan Dakta Sa'ida aka rubuta."

"Sunan sashenmu ne," in ji Dallatu, ya fizge abinsa.

Tun daga ranar sunan ya bi shi. Ko mata a bakin rijiya, in ya wuce, sai ka ji ana cewa ga Dakta Sa'ida can.

A gida kuwa yayarsa Furera ce ke riƙe da komai. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan ubansu, ita ke noman gonar, ita ke ciyar da shi. Kuma ita ke ajiye da abu mafi daraja da mahaifinsu Malam Abdulƙadir ya bar musu, wato wani jan wake da mutanen garin ke kira waken Ƙadiri. Wake ne mai saurin nuna. Tun gero yana tsaye kore shar, rumbu ya yi fayau, shi an fara tsinkarsa ana dafawa. Yanzu da ruwa ke yanke wa mutane ba sallama, shi ke tsallakar da gidan kowace shekara. Ka zagaye kasuwar Dawanau rumfa rumfa ba za ka samu irinsa ba. Furera takan cakuɗa irin da tankaɗaɗɗiyar toka, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta ajiye cikin rumbu sai an yi ruwan shuka. Haka ubansu ya yi, haka ta tarar.

Da ta gama jin bayanin ƙaninta, sai ta ce, "Ka kama hayaƙi, ka kama aljanu ma in ka ga dama. Amma hannunka kada ya taɓa tulun nan."

"Yaya, ke ba ki san kimiyya ba."

"Na san ka dai. Ya ishe ni."

Da numfashi ya fara. Ya sayo ƙullin farar leda ya raba wa 'yan majalisa, ya ce kowa ya hura ya ƙulle, don a rage wa sama nauyi. Samari suka hura don su samu abin dariya. Da aka zo kan Malam Abdulmumin, sai ya kau da kai.

"Nawa numfashin ƙidayayye ne, Dakta. Ba ni da na kyauta."

Dallatu ya rataye ledoji sun fi saba'in a zaure, ya hana kowa wucewa da sauri. Kafin gari ya waye duk sun saki sun yi laƙwas. Akuyar Furera ta miƙa wuya ta cinye guda huɗu, ta kwana biyu cikinta a kumbure tana nishi. Dallatu ya tsaya a kanta yana gyaɗa kai, ya ce wannan shaida ce kabon ɗin yana ciki. Furera ta ɗura mata man gyaɗa, ta kwashe sauran ledojin ta cusa a murhu.

Sai ya koma kan Inna Hure mai ƙosai, don a cewarsa murhunta ne babbar masana'antar unguwar. Da sassafe ya zo da gidan sauro, ya kafa sanduna huɗu, ya rufe ta da kaskonta a ciki. Hayaƙi ya bi ta ramukan ya yi tafiyarsa, ko waiwaye bai yi ba.

"Ka bi shi mana," in ji Malam Abdulmumin, wanda ya zo sayen ƙosai. "Bai yi nisa ba."

"Gwaji ne na farko. Haka ake yi a ko'ina."

Washegari ya dawo da tamfol. Wannan karon kam hayaƙi ya kamu, tare da Inna Hure. Sai tari ake ji daga ciki da salati. Gefen tamfol ya faɗa cikin mai, ƙosan kasko guda ya ƙone ƙurmus. Tsohuwa ta rarrafo waje idanu jajur, matsami a hannu, ta bi Dallatu har bakin masallaci. Mai ciwon bayan nan ya tsallake kwata biyu a tashi ɗaya, duk gari suna gani.

Da a nan abin ya tsaya, da an yi dariya an manta. Sai tsautsayi ya sa ya yi nasara sau ɗaya. Ya samo wani tsohon wake da ƙwari suka gama hudawa, ya zuba a buhu, ya ɗaure bakin buhun a salansar babur ɗin Zailani, aka yi ta murza mai. Da aka zazzage a kan tabarma, ga ƙwari nan birjik a mace, ƙafafu a sama. Dallatu ya ɗebo su a tafin hannu yana bin mutane ɗaya ɗaya yana nuna musu, har da masu wucewa a kan jaki.

"To, Baba Mumini, yau me za ka ce?"

"Ko kai aka sa a buhun nan mutuwa za ka yi. Kisa ba wuya. Waken fa, in an shuka zai fito?"

"Hassada ce kawai. Zamanin toka ya wuce. Ku da tulunanku gidan tarihi za a kai ku, yara su riƙa zuwa kallo. Akwai ranar da za ka zo ƙofar gidanmu kana roƙo in sa maka kabon a rumbu, kuma wallahi sai ka yi layi."

'Yan majalisa suka dubi juna, don ba a yi wa dattijo irin wannan magana a Unguwar Ɗinya. Malam Abdulmumin ya ci gaba da tufkarsa. "Allah ya nuna mana ranar da ɗayanmu zai je ƙofar ɗaya," ya ce.

Daga nan kan Dallatu ya gama fashewa. Injin niƙan Zailani yana bayan katangarsu, taku goma tsakaninsa da rumbun Furera, kullum salansarsa tana tofar da baƙin hayaƙin dizal. Dallatu ya dube shi ya ga arzikin da ke tashi sama a banza. Ya ja Zailani gefe ya ce masa in aikin ya yi kyau, Turawa za su zo da kansu su sauya masa inji sabo fil mai aiki da hasken rana. Zailani da bokonsa da komai ya yarda. Aka aro tiyon ban-ruwa daga wani mai lambu. Abin da ya rage kawai shi ne Furera ta gusa.

Ranar Alhamis ta tafi suna Makoda, 'yarta ta haihu. Ƙurar babur ɗin da ya ɗauke ta ba ta kwanta ba Dallatu ya hau rumbu. Ya fito da tulun, ya fasa lakar bakin, ya samu rariya ya tankaɗe irin tas, wai toka tana hana kabon shiga. Ya ɗan tsaya da ya ga waken ja jawur, ba huda ko ɗaya, kamar jiya aka sussuke shi. Mai hankali da nan ya mayar. Shi kuwa cewa ya yi sa'a ce kawai. Ya baza irin a faifai uku a cikin rumbu, ya huda gindin rumbun ya zura tiyo, ya bi duk wata kafa ya toshe da laka da tsumma, ya mayar da jinka ya danne. Sannan ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya rataya kati, ya aika a kira Mai Unguwa.

Kafin hantsi ya dubi ludayi gari ya taru. Mai Unguwa Ja'afar ya zo cikin babbar riga fara sol, don an gaya masa za a ɗauki hoto a aika ƙasar waje. Aka ajiye masa kujera kusa da inji. Mata masu jiran niƙa suka sauke kwanukansu suka tsaya kallo. Malam Abdulmumin ya zo da buzunsa ya shimfiɗa can nesa, ya ce daga nan ma yana gani.

Dallatu ya hau turmi ya yi jawabi. Ya ce daga yau Unguwar Ɗinya ta shiga taswirar duniya. Ya ce hayaƙin da ke hana ruwan sama yau zai zama bawan manomi. Ya ce ba ya neman komai, amma in an ga ya dace a ba shi Sarkin Noma, ba zai watsa wa jama'a ƙasa a ido ba. Sannan ya ɗaga hannu ya ce, "Zailani, tayar."

Inji ya tashi. Tiyo ya kumbura ya miƙe, ya fara rawa a ƙasa. Da yake hayaƙin ba shi da ta inda zai fita, sai inji ya soma tari yana shaƙewa kamar an riƙe masa wuya.

"Yaya Dallatu, injin nan yana wahala," in ji Zailani.

"Ƙara masa wuta. Kabon ne ke gardama."

Zailani ya ƙara. Tiyo ya fizge daga salansa ya yi tsalle, ya juyo da bakinsa ya amayar da duk baƙin da ya tara a ƙirjin Mai Unguwa. Farar riga ta koma kamar gindin tukunya. Mai Unguwa ya dubi rigarsa, ya dubi Dallatu.

"Ranka ya daɗe, ka ga yawan abin da muke shaƙa kullum ke nan," in ji Dallatu. "Yanzu ka zama shaida."

"Na zama," in ji Mai Unguwa, ya ja kujerarsa ya koma kusa da buzun Malam Abdulmumin.

Dallatu ya mayar da tiyo, ya naɗe shi da robar taya har ninki goma. Aka sake tayarwa. Wannan karon ya riƙe. Minti biyar, minti goma, rumbu yana shan hayaƙi. Dallatu yana zagaye shi yana dafa bango, yana cewa a ji ɗumin kimiyya. Can sai wani ƙamshi ya fara tashi, gauraye da warin dizal.

Inna Hure ce ta fara shaƙa. Shekara talatin tana sana'ar wake, hancinta ba ya kuskure. "Wa ke gasa wake?" ta tambaya.

"Ƙwari ne ke mutuwa, Inna."

"Wane wake ne a ciki, Dallatu?" Malam Abdulmumin ne ya yi tambayar, kuma yanzu ya miƙe tsaye, babu wasa a muryarsa.

Dallatu ya juya ya dubi rumbun. Jinkar rumbu ta ɗaga ta koma, ta sake ɗagawa kamar murfin tukunya mai tafasa. Robar tiyo ta narke a bakin ramin, tartsatsi ya samu tsumman da ya cusa, tsumma ya miƙa wa jinka. Kafin a ce a kashe inji, kan rumbu ya kama da wuta.

Nan fa wuri ya yamutse. Masu guga suka yi rijiya, masu ƙasa suna watsawa, mata suka kifar da hatsinsu don a samu kwanukan ɗiban ruwa. Dallatu yana tsakiya yana ihu, "Kada ku buɗe, zai gudu!" Wani ya ture shi ya faɗa kwatar da ke bayan inji. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe ya yi sama, irin wanda murhun Inna Hure ba zai yi ba ko a shekara guda. Mutanen ƙauyukan kusa suka hango suka taho a guje.

Da wuta ta mutu, Malam Abdulmumin ya ɗaga kai ya bi hayaƙin da kallo. "Ga abin da ka kama can ya tafi, Dakta," ya ce. "Har ya samu 'yan rakiya."

Daidai nan babur ya tsaya a ƙofar gida. Wani ya buga wa Furera waya, ta baro suna tun ba a raba nama ba. Mutane suka dare mata. Ba ta dubi kowa ba. Ta wuce tulun da ke yashe a gefe, ta wuce tarin tokar da aka tankaɗe, ta leƙa cikin rumbu ta ɗebo abin da ya saura a faifai. Waken ya yi baƙi ya tsattsage, yana warin mai. Ta murza ƙwaya ɗaya ta zama gari a yatsunta. Wake ne da ubanta ya yi shekara hamsin yana ajiyewa, fari bai cinye shi ba, ƙwari ba su cinye shi ba.

"Yaya, a kimiyyance dai ba ƙwaro ko ɗaya da ya..."

Ta dube shi, ya haɗiye sauran. Ta ƙulle waken a bakin mayafinta ta shige ɗaki. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Jama'a suka watse ba mai dariya, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai.

Sati biyar ba ta ce masa uffan ba. Takan ajiye masa tuwo a ƙofar ɗaki kamar yadda take zuba wa akuya dusa. Sai ga ruwan shuka ya sauka ranar wata Talata. Da safe gari ya fita gona, ƙasa tana ƙamshi. Furera ta fito da ƙaramar ƙwarya ta ajiye a gabansa.

"Shekarar da aka yi fari, Baba ya ba Malam Mumini tiya guda na waken nan. Yana shuka shi har yau. Tashi."

"Ni? Yaya, ke da kuke shiri da shi..."

"Ba ni na ƙona ba."

Ya sa hula ya rataya kati, don ya ji ɗan ƙarfin gwiwa. Ko da ya isa ƙofar Malam Abdulmumin sai ya tarar da rabin majalisa a zaure, har da Mai Unguwa da Inna Hure, a ranar da kowa ke da shuka. Ashe tun asuba Furera ta aika, dattijon kuma ya ga bai kamata ya ji daɗin abin shi kaɗai ba. Dallatu ya yi sallama ya durƙusa.

"Baba, Yaya ce ta ce ko za a taimaka mana da ɗan iri."

"Ka yi layi," in ji Malam Abdulmumin.

Dallatu ya waiwaya. "Ai ba kowa a gabana."

"To ka yi sa'a, kai ne na farko. Tsaya a nan."

Ya tsaya a rana da ƙwarya a hannu har dattijon ya gama shan kokonsa, ya kurkure baki. Sannan aka mirgino wani babban tulu, aka fasa lakar bakinsa. Toka ce fal har wuya.

"Daga gidan tarihi aka aro shi," in ji Malam Abdulmumin. "Sa hannu, Dakta. Yana can ƙasa."

Dallatu ya naɗe hannun riga ya zura har gwiwar hannu, babu. Ya zura har kafaɗa, kumatunsa a bakin tulu, kati ya nutse cikin toka. Ya yi atishawa, toka ta bule masa fuska da gemu. Sau uku yana nutsawa yana fitowa da cikin hannu, wake ja jawur, lafiyayye.

"Ya isa. Sauran na gonata ne," in ji dattijon. Sai ya sassauta murya. "Don Abdulƙadir na ba ka. Ka gaya wa Furera in ya yi, ta ajiye da kyau."

Haka ya ratso gari fari fat kamar an tono shi, yana rungume da ƙwarya da hannu biyu. Furera tana jiransa a ɗan filin bayan gida. Ta karɓa, ta hure tokar a hankali, ta daɗe tana kallon abin da ko kunya uku ba zai cika ba a gona.

"Bana ba mai cin ƙwaya ɗaya a gidan nan," ta ce. "Duk abin da ya yi na iri ne. Kafin gero ya nuna za ka san abin da ka ƙona."

Dallatu ya share fuska. Ya dubi tokar da ke hannunsa, sai idonsa ya ɗan yi haske.

"Yaya, kin san ita ma tokar nan, in aka bi ta a kimiyyance, akwai sauran kabon a..."

Furera ta sunkuya ta ɗauko fartanya ta ɗora masa a hannu.

"Ga abin kamawa nan," ta ce. "Wannan ba ya tashi sama."